Ƙyallen Ministan Ƙwallo

Duk wanda bai san Alhaji Ɗanmaliki ba, to bai san ƙwallo ba, kuma gaskiya bai san garinmu Turawa ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin wasa daga kan benci. Ƙafarsa ba ta taɓa shurin ƙwallo ba, don ya ce gudu da zufa na yara ne, manya tunani suke bayarwa. Shi ne mai shagon batir da ƙwan fitila a kasuwar Ƙaraye. Shi ne mai ƙwallon fata ɗaya tal da muke da ita, shi ne kuma mai famfon da ake hura ta. Ka ga kuwa dole mu kira shi Ministan Ƙwallo. Da wasa muka raɗa masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Yanzu in ka ce Alhaji kawai, ba ya juyowa.

Iliminsa ba na nan kusa ba ne. Ya taɓa zuwa kallon wasa a Kano. Direban da ya kai shi ya ce kafin su isa an rufe ƙofa, a kan wata motar itace Minista ya tsaya yana leƙe ta saman katanga. To amma direba ai tuƙi ya sani. Abin da dai Minista ya fi gani daga can shi ne wani ƙaton ƙyalle da aka rataye a bango, mai hotunan 'yan wasa. Tun ranar ƙyallen nan ya shiga ransa bai fita ba.

Bana da aka sa wasanmu da 'yan Falgore, na can wajen Rogo, sai aka ce malamin wasanni mai zaɓar 'yan ƙwallon Ƙaraye zai zo kallo. Gidanmu ba wanda ya ƙara cin tuwo da daɗi. Ƙanena Nasidi shi ne golanmu. Gajere ne, ban musa ba, amma yaron nan tun ƙarshen damina yake zuwa rafi yana faɗuwa a kan yashi, gwiwarsa duk ta saɓule. In malamin ya gan shi a raga, shi ke nan, ya samu hanya.

Sai Minista ya yi tunani irin na manya. Ya ce gola aikin dogo ne, kuma a duk Turawa ba dogo kamar Liti, ƙanen matarsa Turai. Liti yaron kirki ne, ga tsayi ga kyau. Matsalarsa ɗaya, in ƙwallo ta taso sai ya rufe ido ya yi salati.

Na sami Minista a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban Malam Abdulsalami limaminmu. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Ranka ya daɗe Minista, maganar yaron nan Nasidi ce."

Ya gyara hula. "Sulle, kai firamare ma da ƙyar ka fita, me ka sani a harkar gola? Ni ba na zaɓe da son rai. Ƙyalle zan haɗa da hannuna, irin na Kano, a rataye a bangon gidana ranar Juma'a. Golan da jama'a suka fi gani a jikin ƙyallen nan, shi zai kama. Wallahi ko ɗana na cikina ne ba zan canza ba. Allah gafarta Malam, kai ne shaida."

Malam ya ce, "Na shaida. Sai dai in za ka yi siffar mutane, ka bar su ba ido."

Daga ranar gidan Minista ya zama ofis. Ya shimfiɗa farin akoko a tsakar gida, daga bakin rijiya har madafa, sai da aka koma girki a maƙwabta. Ya ce aikin sirri ne, ba mai gani sai ranar buɗewa. Kullum da yamma kuma yana majalisa yana ba mu labarin sirrin dalla-dalla, har masu tallan gyaɗa suka haddace.

Tsarin kuwa irin na hoto ne, yadda mai hoto yake jera mutane ranar biki: manya a zaune a gaba, yara a tsaye a baya. To a layin gaba, wato can ƙasan ƙyalle, ga Minista a kan kujera, ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarsa, kofin da ba mu ci ba tukuna a cinyarsa. A damansa ga Liti cikin rigar gola ruwan ɗorawa, hannu a buɗe kamar zai rungumi duniya. Sauran 'yan wasa a baya. Nasidi kuwa can sama a lungu, kai da kafaɗa kawai, ɗan ƙyallen ruwan ɗorawa bai kai tafin hannu ba.

Maganar Malam ma bai ƙi ta ba. Kowa ya bar shi ba ido. Kansa ne kawai ya yi wa baƙin tabarau, ya ce ai ba a ganin idon.

Yadi ya ƙare, ya shiga ɗakin Turai ya ɗauko zanenta na fita unguwa, ya yanka wa kansa babbar riga. Hula kuwa da jan karan-miski ya yi ta. Ya ja da baya ya duba, ya ga kan 'yan baya ya fi nasa tsawo. Ina! Ya sake yanko wata ya ɗora. Bai ishe shi ba, ya ƙara. Sai da hular ta ratsa tsakanin 'yan wasa ta kusa taɓo saman ƙyalle, sannan hankalinsa ya kwanta.

Turai tana da keken ɗinki. Ta ce, "Alhaji, kawo in bi maka su da zare."

"Zare? Ɗinki aikin ƙauye ne. Na Kano ko zare ɗaya ban gani a jikinsa ba. Mannawa ake yi."

Ya sa aka dama masa talge mai kauri na garin dawa, roba guda. Sai ya tuna bangonsa na ƙasa ne, akwai gara. Nan fa ilimi ya motsa. Ya zuba gishiri, ya daka jar kanwa ya antaya, ya ce ba ƙwaron da zai kusanci wannan haɗin. Turai ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan guntun zanenta a ƙasa. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Alhaji." Ita ta gaya wa innarmu haka da bakinta.

Ranar Juma'a da hantsi aka kafe ƙyallen a bangon zaure ta waje, aka rufa masa zanen gado, ƙusa a sama kawai, ƙasa a sake don talgen ya sha iska. Wani ya ce a bar mai gadi. Minista ya ce, "A garin nan wa ya isa ya taɓa kayana?" Gaskiya ya faɗa, ba mutumin da ya taɓa. Duk muka tafi masallaci. Abin da Minista ya manta, shi da ya zama ɗan kasuwa, kaka ta wuce, an saki dabbobi.

Ana saukowa daga salla ƙofar gidan ta cika. Motar 'yan Falgore ta iso da ganga. Malamin wasanni ya zo a kan babur, aka ba shi kujera. Nasidi yana gefena, ko takalmin wasa bai sa ba, ya ce, "Yaya, mu tafi gida kawai." Na riƙe hannunsa.

Minista ya hau turmi, ya yi gyaran murya.

"Jama'ar Turawa, da baƙinmu na Falgore da suka zo koyo! Yau za ku ga abin da sai a Kano. Ba tela, ba zare, ba allura. Ƙwaƙwalwa ce zalla. Jikokinku za su zo su tsaya a gaban bangon nan su ce, wane ne wannan na tsakiya? Ku gaya musu. Liti, ja zanen!"

Liti ya ja.

Daga sama dai lafiya lau, ga kawunan 'yan baya a jere. Daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa, iya inda akuya take kaiwa in ta miƙe da ƙafa biyu, ba komai sai bango da zare-zare a jiƙe. Ba kujera, ba kofi, ba ƙwallo. Ba Liti. Ba Minista. Abin da ya rage nasa shi ne ƙarshen jar hular nan, tana tsaye a tsakanin 'yan wasa ba kai a ƙarƙashinta.

Sai ga wata farar akuya ta fito daga bayan rumbu, ciki ya yi tim, tana tauna a hankali, baƙin tabarau yana reto a gefen bakinta.

Mai gangar Falgore ne ya fara faɗuwa ƙasa. Daga nan ba wanda ya iya riƙe kansa. Malamin wasanni ya kife kai a kan babur, kafaɗarsa tana rawa.

Minista yana kan turmi ya daka tsawa. "Maƙarƙashiya ce! Akuyoyin Falgore ne, turo su aka yi!"

Kaftin ɗin Falgore ya ce, "Haba Baba, mu da ƙyar motar ta ɗauke mu, ina muka ga wurin akuya?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗanmaliki, ai taka ce. Ga jan tsumman da ka ɗaura mata a wuya."

Malam Abdulsalami bai yi dariya ba, gemunsa ne kawai yake motsi. Ya matsa kusa da bango, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Alhaji, ni dai gola ɗaya nake gani. Ga shi can a lungu. Ko akwai wanda ya ga wani?"

Jama'a suka ce babu.

"To ka rantse, ni kuma na shaida."

Wallahi bayan ni, ba wanda ya kai Liti murna. Tun kafin a ce masa komai ya tuɓe rigar gola ya miƙa wa Nasidi, ya ce, "Karɓi, ɗan'uwa, kwana nawa ba na barci."

Wasan kuwa, me zan ce muku! Ƙanena ne fa! 'Yan Falgore suka yi ta ruwan ƙwallo, yaron nan yana tashi kamar an harba shi. Dab da tashi aka ba su fenariti. Na rufe ido irin na Liti. Ihu ne ya buɗe mini shi, na ga Nasidi a ƙasa ya rungume ƙwallo, baki duk ƙasa, yana dariya. Ɗaya da nema muka ci su. Malamin wasanni ya kira shi gefe, ya ce ranar Asabar ya same shi a Ƙaraye. Har yau muryata ba ta dawo daidai ba, innarmu kuwa ta raba waina har gidan Turai.

Kada ku ɗauka Minista ya karaya. Manya ba sa karaya. Washegari a majalisa ya ce dama shi ya gano Nasidi, gwada shi yake yi, shi ya sa ya ɗora shi can sama inda ba abin da zai same shi. Ragowar ƙyallen ma bai yar ba, ya mayar da shi cikin zaure ya kafe kusa da rufi. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi gabansa, ya nuna bangon da ke ƙarƙashin jar hular da sanda, ya ce, "Ka ga nan? Nan nake zaune."

Mu ma ba mu tauye masa girma ba, muƙami muka ƙara masa. Yanzu in ya doso fili da famfonsa a hammata, yara sai su miƙe su sara masa, su ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji Saura Hula!"