Nomau Ya Jera Sifiri a Bakin Rijiya

A Tungar Gawo akwai wani Nomau, shi da tsohuwarsa Iya Kande kaɗai a gida. Mutumin kirki ne, sai dai in ka ce masa tsaya nan, to ko ruwan sama bai ɗaga shi. Da ciwon ciki ya kwantar da Iya, ma'aikatan lafiya suka ɗebi ruwan rijiyar gari don awo. Nomau ya rantse sai ya karanta sakamakon da kansa, ya shiga ajin yaƙi da jahilci.

Wata rana malamin ajin, Malam Jatau, ya rubuta nauyin duniya da kilo a allo, 6 × 10²⁴, ya ce, "Ƙaramar lambar nan ta sama, yawan sifirin da za ka jera ke nan. Kada ku yarda da lamba sai kun jera sifirinta." Nomau ya koma gida da gawayi, ya hau zana sifiri a bango, kowane sifiri kamar faifai. Bangon Iya ya cika a na tara, ya zarce katangar maƙwabci. Ranar ya sha zagi, amma sai da ya cika ashirin da huɗu.

Wata rana Malam ya rubuta 2 × 10⁻⁶, ya ce, "Girman ƙwayar cuta ke nan, mita ɗaya a raba ta miliyan, a ɗauki biyu. Tana cikin ruwa, mai nema zai same ta." Nomau ya ɗauki rariyar Iya, ya yini yana tace ruwa. Da la'asar ya kawo wa Malam talibambam a ƙoƙo. Aji ya kwashe da dariya, shi ko a jikinsa.

Wata rana sakamako ya iso. Mai unguwa ya karanta a bakin rijiya: ƙwayoyin cuta 4 × 10⁵ a kowace lita. Ya ce, "Huɗu da goma da biyar, sha tara ke nan. Sha tara har wani abu ne? Ku ci gaba da ɗiba."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a jera sifirin ba."

"Kai, tafi can!"

Bai tafi ba. Ya durƙusa gaban mai unguwa da mata masu guga, ya zana huɗu a jikin rijiya, ya bi ta da sifiri biyar manya-manya. Malam Jatau, da ya zo wucewa, ya duba ya ce, "Dubu ɗari huɗu."

Mata suka saki guga. Ranar aka rufe rijiyar, aka zuba mata magani. Sati bai zagayo ba Iya ta miƙe, ta zauna ta cinye tuwo malmala biyu, Nomau na gefe yana share hawaye.