Larabcin Bakin Mayafi

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da ranar da na karanta rubutun da ba rubutu ba.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Dubai, ina kuma neman auren Zainab. Kawunta, Alhaji Sabo, ɗan kasuwar yadi ne daga Kano, kuma wuƙa da naman maganar auren a hannunsa suke. Da ya zo sarin kaya sai na naɗa kaina ɗan rakiya. Tun daga filin jirgi nake zuba masa "yalla" da "khalas", har na ce masa Larabci ya zame mini ruwan sha. (Tsakani da Allah, Larabcina bai wuce na sayen shawarma ba.)

Ranar Asabar na kai shi wani zauren baje kolin zane-zane, don ya san wayayyen suruki zai samu. A can aka kafe wani zane da aka aro daga Turai, aikin mutanen Flanders, yankin Beljiyam ta yau. Da fentin mai aka yi shi a kan katako, shekara ɗari biyar da ɗoriya. Nana Maryam ce zaune kusa da taga tana karatu.

Da farko Alhaji ya ɗan ja baya, amma idon ɗan yadi ba ya ganin ƙyalle ya wuce. Ya gyara tabarau ya matsa.

"Ikon Allah! Dubi yadda mayafin nan ya kwanta. Har zaren ana gani, kamar in sa hannu in ji laushinsa." Sai ya nuna zinariyar da aka zagaye bakin mayafin da ita. "Ɗana, wannan kamar Larabci. Me aka rubuta?"

Na ƙura ido. Ga alif, ga lam, ga wasu ƙugiyoyi, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Mai hankali cewa zai yi bai sani ba. Ni kuwa gyaran murya na yi.

"Alhaji, tsohon rubutu ne. Ma'anarsa, haƙuri maganin zaman duniya." Har da bin layin da yatsa daga dama zuwa hagu.

Ganin yatsana ya kusa taɓa zanen, wata Balarabiya mai kula da zauren ta matso. Alhaji ya juya ya yi mata tambaya da Larabci tiryan-tiryan, irin na masu huɗuba. (Ashe a Sudan ya yi karatu, Zainab ba ta taɓa faɗa mini ba.) Ta yi murmushi ta yi dogon bayani, ni ko ina ta gyaɗa kai.

Alhaji da kansa ya fassara mini. "Ta ce ba rubutu ba ne. Masu zanen sun ga Larabci a jikin yadudduka masu tsada, sai suka kwaikwayi siffarsa don ado."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk sanyin zauren, gumi ya jiƙa mini riga.

Da muka shiga mota sai ya dube ni. "Mai zanen nan bai iya Larabci ba, ɗana, amma bai ce ya iya ba. Abin da ya iya kuwa, ya yi shi da kyau."

An ba ni Zainab, bayan wata shida ana ja mini rai. Har yau danginta Malam Haƙuri suke kirana, ina kuma amsawa. Na dai koyi cewa "ban sani ba" kalma uku ce kacal, kuma ba ta buƙatar tafinta.