Rasuwar Uwar Gayya, Tukunyar da Aka Dafa Maƙogwaron Mota a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin dizal, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan nan ya lashe yatsa, rasuwar babbar tukunyarmu ta dalma, wadda aka fi sani da Uwar Gayya. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce, tana bakin aikinta, bayan wata rashin lafiya da aka ɓoye mini har sai da ta fi ƙarfin magani.

Marigayiya ta girmi aurena. Gwaggona, Allah Ya jiƙanta, ita ta fara riƙe ta, lokacin da take dafa wa ma'aikata abinci a ƙofar wata masana'anta. Ni da Yayata a hannun Gwaggo muka tashi, don haka kusan duk naman da ke jikinmu daga cikin tukunyar nan ya fito. Ranar da Gwaggo ta ajiye sana'a, ni ta miƙa wa, ta ce, "Ungo, ta fi ki haƙuri. Ki koya a wurinta."

Gaskiya ta faɗa. Uwar Gayya mai kaurin gindi ce, mai faɗin ciki, yaro ɗan yaye zai zauna a cikinta ba a ga kansa ba. Ba ta taɓa ƙona shinkafa ba sai in an manta da ita, ko a nan ma ƙanzonta rububinsa ake yi. Ta je aro gidaje da yawa a layin nan, ta dawo da lotsawa a gefe da hannu ɗaya yana rawa, ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Ba ta da yawan surutu. In ta tafasa sai ta ce "fat, fat, fat," a nutse, kamar dattijuwa tana jan carbi. In wuta ta yi yawa murfinta ya ɗauki "kar-kar-kar" har sai an zo. In kuwa aka buga ludayi a bakinta ta ce "ƙwammm," yara sun san a wanke hannu.

Ga yadda ajali ya zo mata, kamar yadda na tattaro daga baya, rabi daga bakin maƙwabciyarmu ta saman bene, rabi daga bakin mai laifin.

An yi wa Yaya aikin tiyata a ciki, ni nake jinyarta a asibiti, ban kwana gida ba sai da aka sallame mu. Yara suna wurin kakarsu. Gida ya rage daga maigidana sai motarsa. Motar mai shan dizal ce, ta daɗe tana ciwo: in ta ga tudu sai ta yi ta nishi kamar mai naƙuda, ta bar baƙin hayaƙi a baya har masu babur su riƙa zagin iyayenmu. Abban yara ma'aikacin ofis ne, mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira mai gyara. Amma ya kalli wani bidiyo a waya, aka gaya masa wai bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa ne ya toshe. Makanikai suna ce masa manifol. Ni maƙogwaro nake ce masa, tunda aikinsa ke nan. Hayaƙi da tururin mai ne suke haɗuwa a ciki shekara da shekaru, su daskare, har iska ta rasa hanya. Mai bidiyon ya ce kowa zai iya wankewa a gida. Allah Ya isa tsakanina da shi.

Ya ari sifana, ya kwance abin da kansa a tsakar gida. Maƙwabciya ta ce da ya juyo bakin bututun ta hango cikinsa daga sama, sai da ta tofar da yawu. Hanyar da ya kamata hannu ya shiga, ko ɗan yatsa ba zai wuce ba. Wani baƙin abu ne ya cika shi, ba gawayi ba, ba kwalta ba, mai danƙo kamar majinar wanda ya shekara yana shaƙar hayaƙin taya. Ya sa sukudireba yana ƙwaƙulowa, yana faɗowa gudaji-gudaji a kan siminti, wani busasshe yana ruguzowa, wani jiƙaƙƙe yana ja kamar igiya. Da sukudireba ta kasa shiga lungu ya koma kicin ya ɗauko cokali. Da cokali ya kasa ya shiga banɗaki ya ɗauko buroshin haƙori.

Sai bidiyon ya ce a jiƙa, sannan a tafasa. Ya duba bokitai, na roba ne, za su narke. Ya ɗaga kai ya ga Uwar Gayya a kan kantar kicin, tana zaman zamanta.

Ya tsoma maƙogwaron mota a cikinta da kalanzir da wani sinadarin wanke inji, ya bar su suka wuni. Kashegari ya zubar, ya cika ta da ruwa da garin sabulu, ya ɗora a kan murhuna, ya hura. Da gefe ɗaya ya dahu ya juya ɗayan, kamar mai dafa ƙafar sa. Maƙwabciya ta ce baƙar kumfa ta riƙa tasowa tana gangarowa ta gefe, wari ya hau bene har ta rufe tagogi. Ta leƙo ta ce, "Abban yara, rini kake yi?" Ya ce, "Wani ɗan aiki ne, yanzu zan gama." Ta ce ko a cikin wannan wulaƙanci marigayiya ba ta fasa "fat, fat, fat" ɗinta ba.

Ya wanke ta, ya goge, ya kife ta inda ya same ta. Ya mayar da bututun jikin mota, mota ta tashi kamar sabuwa.

Muka dawo gida da Yaya, don a wurina za ta ƙarasa warkewa. Tun da aka yi aikin ba ta ci abin kirki ba, ta rame har zobe yana zame mata. Ranar Lahadi ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, shinkafa da nama nake so. Amma a tukunyar Gwaggo. Ko ƙamshin na ji ina ganin zan ci." Sai da na juya na share ido. Dangi kuma sun ce za su zo dubiya, don haka dama girkin babba ne.

Na sauko da ita na ga tana ƙyalli fiye da yadda na bar ta. Abban yara yana tsaye a ƙofar kicin, ya ce, "Na ɗan wanke miki ita." Ni kuma, jama'a ku ji, na yi masa godiya. Har na ce Allah Ya bar mana shi.

Sanyin asibiti ya sa mini mura, hancina a toshe yake kamar na motarsa, ko albasa ba na ji. Da ruwa ya tafasa na ga wani maiƙo yana yawo a sama, shuɗi-shuɗi, kore-kore, na ce kitsen nama ne. Na ga ɗigo-ɗigon baƙi a jikin shinkafa, na ce masoro ne. Shi kuwa sai kai-komo yake yi. Ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, "Maman yara, da kin raba a ƙananan tukwane ba zai fi saurin dahuwa ba?" Na ce Yaya wannan ta ce. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. To.

Aka zuba wa kowa. Na miƙa masa nasa, ya ce ya ci a waje. Mutumin da tun da na aure shi bai taɓa barin shinkafar tukunyar nan ta huce a gabansa ba.

Na kai wa Yaya da hannuna, na gyara mata matashi. Ta yi bismillah ta kai cokali ɗaya. Na ga fuskarta ta canza, amma Yaya mai kara ce, ta haɗiye don kada raina ya ɓaci. Ta kai na biyu. Wannan bai wuce ba. Ta dafe wurin ɗinki da hannu biyu tana amai, tana kiran sunan Allah. A falo kuma na ji Kawu yana kakari a cikin hankici, yana cewa, "Ke 'yar nan, wannan shinkafar a gareji aka noma ta?"

Muka ɗauki Yaya sai asibiti, a cikin motar. Ina sanar da jama'a, cikin takaici, cewa ta haye tudun asibitin nan ba nishi, ba hayaƙi, ba ko tari. Ina baya rungume da Yayata, ina duba rigarta ko jini ya fito, shi yana gaba ya ƙanƙame sitiyari, ƙeyarsa tana zufa. Likita ya duba ya ce ɗinki bai buɗe ba, abin da ta ci kuma ya fito, a ba ta ruwa a bar ta ta huta. A barandar asibitin na juya na kalle shi na ce, "Me ya sa ba ka ci ba?"

A nan ya faɗa. Ya ce ya ɗauka wankin ya isa. Ya ce da ya ga na ɗora ta yana so ya yi magana, kunya ta hana shi. Na ce, "Kunyar ta hana ka magana, amma ba ta hana ka ture naka farantin ba." Tukunya ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsayuwar nan da ya yi a ƙofar kicin, yana kallo ina zuba wa marar lafiya.

An yi iya ƙoƙari a ceto marigayiya. Na tafasa ta da lemun tsami. Na tafasa ta da gishiri. Na dirje ta da toka, na shanya ta a rana. Duk lokacin da ruwan ya huce sai maiƙon nan ya taso yana murmushi. Tsohuwar dalma ce, cikinta duk ƙananan ramuka ne da sawun ludayi na shekaru, kowane rami ya sha ya ƙoshi. In ka goga farin ƙyalle a gindin hannunta, baƙi yake fitowa. Don adalci zan faɗa cewa shi ma ya zauna a tsakar gida ya yi ta dirza da soson ƙarfe har fatar yatsunsa ta saɓule, ba wanda ya sa shi. Da murata ta warke na sunkuya na shinshina. Warin tashar manyan motoci ne da ruwan kwata, a wurin da na san ƙamshin girkin Gwaggo. A nan na haƙura, na kife ta.

Ta rasu ta bar murfinta, wanda yake cikin mawuyacin hali, don a kansa aka tara notunan da aka kwance daga mota. Ta bar ludayi, abokin zamanta, wanda tun ranar yake rataye bai ce komai ba. Ta bar ƙananan tukwane da ba wadda za ta iya ciyar da mutum goma ba tare da ta yi ambaliya ba. Ta bar ni da yarana, ta bar Yaya, wadda yanzu ko kalmar shinkafa aka ambata sai ta rufe baki, shayi da biskit kawai take iya sha. Waɗanda suka rasu tare da ita sun haɗa da cokulan cin abinci biyu, tawul ɗin baƙi, da buroshin haƙori ɗaya da aka ɗauraye aka mayar cikin kofi, wanda har yau maigidana ya ce ya manta ko wane launi ne. An zubar da na kowa.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada wanda ya ce "ai tukunya ce kawai." Kada kuma wanda ya yaba lafiyar motar a gabana, ko ya tambayi maigidana yadda ake aikin. Wani maƙwabci ya riga ya aiko a ba shi aron gawar, wai tasa motar ma tana hayaƙi. An mayar masa da ɗan aikensa da amsar da ba za a rubuta a nan ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidanmu. Ba za a yi wanka ba, ta sha wanka ya ishe ta. Za a sa ta a buhu, maigidana ya ɗauke ta a ka, a ƙafa, zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan kasuwa, da sharaɗin kada a sayar wa masu ƙera tukwane. Babu abinci bayan an dawo, kowa ya zo da cikinsa a cike.

Kafin a ɗaga ta, za a huda gindinta da babbar ƙusa, don kada wata baiwar Allah ta tsince ta ta ga ƙyalli ta kai wa 'ya'yanta. Ni na ce ba zan iya ba. Yaya ta ce a fito mata da kujera, ita za ta buga. Likita ya hana ta ɗaga abu mai nauyi, amma ta ce guduma ba ta cikin lissafi. An tuna mata cewa tun bayan aikin hannunta rawa yake yi, ko kofin shayi sai ta zubar da rabi. Ta ce ta sani.

Abban yara ne zai riƙe ƙusar. Shi ya nema da bakinsa.