Ban Haƙuri Dubu Ɗari Uku

Wani ne, kada ku tambaye ni ɗan wace ce, uwarsa ta riga ta sha kunyarta. Aikinsa kula da wata babbar na'ura a kamfanin sayar da kayan gida. Ita ke aika wa masu sayayya saƙon imel, dubu ɗari uku a bugu ɗaya. Ɗakin na'urar sanyi kamar firji, ƙananan fitilu sai ƙifta ido suke. Shi kuwa yana ciki da rigar sanyi, ji yake duniya a tafin hannunsa take.

Sai aka sabunta manhajar na'urar. Bawan Allah ya hana kowa sakat a gida. Ana cin abinci yana wa'azi.

"Maman yara, yanzu fa da kanta take sa sunan kowa a saman saƙo. Wanda bai buɗe ba, bayan awa ɗaya ta sake aika masa. Kuma ina ganin wanda ya buɗe da wanda ya ƙi!"

"Allah ya sa albarka. Miƙo min cokali."

"Ba ki ga komai ba. Kawo wayarki. Kin ga ɗan maɓallin nan? Dannawa ɗaya, saƙonmu ba zai ƙara zuwar miki ba har abada. Gwada ki gani!"

Ta danna don a zauna lafiya. Ya yi tafi shi kaɗai.

Ranar Talata ta ce ya je tasha ƙarfe goma ya ɗauko mahaifiyarta. Ya ce an gama. Ya shiga ɗakin sanyi, ya hau gwada sababbin maɓallai. Tsohuwa ta zauna a kan jakarta awa huɗu cur, sai da wani direba ya ji tausayinta ya kawo ta gida.

Daga ranar matar ta kulle bakinta. Abinci a ajiye masa a rufe. In ya yi sallama, a amsa wa sallamar, ba shi ba. Kwana uku ke nan. Shi kuwa irin mutanen nan ne da "yi haƙuri" ke maƙale musu a wuya kamar ƙayar kifi. Allah ya raba mu da girman kai.

Ya kai kuka wurin Dogo, abokin aikinsa.

"Ka buɗe baki ka ba ta haƙuri mana," in ji Dogo.

"Da baki? Ina zaune kan na'urar da babu irinta?"

Ya zauna ya rubuta: "Ni ne da laifi. A yafe min. Ba zan ƙara ba." Ya sa adireshin matarsa a akwatin gwaji. Abin da bai lura ba, masu sabunta manhaja sun sauya wa maɓallai wurin zama. Inda "aika gwaji" yake a da, yanzu "aika wa kowa" ne ya tare. Yatsa kuwa ya saba da hanyarsa. Ya danna.

Fitilu suka rikice. Lambobi suka ruga a guje. Dubu hamsin. Dubu ɗari.

"Dogo! Ina birki?"

"Ai kai ka ce wannan sabuwar ba ta san tsayawa ba."

Kafin ya gama salati, saƙo ya isa ko'ina, kowa da sunansa a sama. Masu taurin kai da suka ƙi buɗewa, bayan awa ɗaya aka sake ba su haƙuri. Bayan wata awar aka ƙara.

Amsoshi suka fara zubowa. Wani dattijo ya ce, "Na yafe duniya da lahira, amma me ka yi min?" Wata ta ce, "Shekara tara nake jiran wannan saƙon." Wani ya ce, "Dama na san tukunyar da kuka sayar min ba ta da kyau." Wani kuwa cewa ya yi, "Saƙo uku na tarar, na yafe. In ka sake aiko min, na janye."

Sai waya ta yi ƙara. Uwarsa ce, ashe ita ma tana cikin masu sayayya. Ita da girma ta koyi karatu, sai da ta kwashe rabin awa tana haɗa baƙi da yatsa a kan gilashin waya.

"Ɗan nan, na ga saƙonka, har na yi hawaye. Amma wanne laifin daga ciki?"

Bai gama da ita ba, Oga mai kamfanin ya banko ƙofa.

"Wa ya ba ka izinin tuba da sunan kamfani?"

"Ranka ya daɗe, yatsa ne..."

Oga ya kai ido kan allo, ya tsaya. Tun da aka kafa kamfanin ba a taɓa buɗe saƙonsu haka ba. Ya gyara murya.

"Wa ka yi wa laifin?"

"Iyalina, ranka ya daɗe."

"To wata mai zuwa ma ka ƙara yi mata. Akwai sababbin kaya."

Shi dai ba ta Oga yake ba. Ya hau neman suna ɗaya a jerin waɗanda suka buɗe. Babu. Dogo ya nuna masa wani layi ja can ƙasa, shi kaɗai tilo: "Ba a aika ba. Mai adireshin ta nemi a daina."

"Wane shashasha ne ya koya mata wannan?" in ji Dogo.

Mutumin ya tuna tafin da ya yi. Ya ce, "Sanyin ɗakin nan ya yi yawa."

Da yamma ya buga amsoshin a takarda, tuli guda, ya ɗauko a hammata. Ya tarar da matar tana ninke wanki, tsohuwa na gefe tana jan carbi. Ya dire takardun a kan tebur, dim. Ya buɗe baki zai faɗi kalmar, ƙayar kifi ta tokare.

"Maman yara, duba nan. Mutum dubu ɗari uku na ba haƙuri yau. Kusan duk sun yafe min. Ke kaɗai kika rage."

Ta ɗaga takarda ɗaya ta duba, ta mayar, ta ci gaba da ninke zane.

"Su ma uwarsu ka manta a tasha?"