Ranar da Aka Tura Ni Sulhu Gidan Baba Sila

Ni dai walda na iya. Ku tambayi kowa a ƙauyenmu, zai ce muku Barnaba mai walda, wanda shagonsa ke kusa da injin niƙa. Ban taɓa sa wa raina aikin ikilisiya ba, ban da share harabar coci in layi ya zo kaina. Amma faston namu, Fasto Irimiya, shi kaɗai ne a kan ƙauyuka da dama, ga babur ɗinsa ya tsufa, rabin tafiyar turawa yake yi. In yana jana'iza a can, a nan mara lafiya na jiran addu'a. Sai hukumar cocinmu ta gunduma ta ce kowace ikilisiya ta turo mutum guda kwas, wanda ba fasto ba, a koya masa jan sujada da gaida marasa lafiya da sasanta ma'aurata.

Dattawa suka zauna, kowa ya kawo uzurinsa. Wannan gona, wancan ciwon baya. Ni ban je zaman ba, shi ya sa aka zaɓe ni.

Da na je yin ƙorafi, Fasto ya dafa kafaɗata ya ce, "Barnaba, kai da kake haɗa ƙarfe da ƙarfe su zauna lafiya, mutane ne za su gagare ka?"

Maganar nan ta shige ni. Na koma gida na faɗa wa matata Dinatu, ta ce, "Ƙarfe ai ba ya mayar da magana."

Na tafi kwas ɗin. Gaskiya an koyar da mu, malaman sun san aikinsu. Sai dai darasin sulhu bayan abincin rana ake yin sa, kuma shinkafa da wake ake ba mu, mai yawa. Ina jin farkon magana, ina jin ƙarshenta, tsakiyar kuwa sai dai in tambayi na kusa da ni, shi ma in ya farka. Abin da na riƙe shi ne: ka zaunar da su biyun, ka tambayi kowa yadda ya ji a ransa, ka sa kowa ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Akwai kuma wani abu da malamin ya yi ta nanatawa game da yin shiru a saurara, amma na ɗauka da ma'auratan yake.

Na dawo da takardar shaida da sabuwar jaka mai rataya. Tafiyata ma ta canja. Yara suka fara ce mini Malam Barnaba, ban hana su ba. Dinatu ta tambaye ni ko in ci tuwo, na ce mata, "Bari mu dubi batun ta fuska biyu." Ta ɗauke kwanon ta ce in na gama dubawa in same shi a madafa.

Ba a jima ba aiki ya samu. Fasto ya tsaya a shagona, ko kashe babur bai yi ba don kada ya ƙi tashi, ya ce, "Gidan Baba Sila ba lafiya. Mama Afiniki ta ɗaure kaya, ta ce ran kasuwa za ta bi mota zuwa wurin ɗanta Dauda a Kaduna, ba kuma dawowa. Ni an kira ni wata jana'iza. Ka je ka yi abin da aka koya maka."

Baba Sila shi ne mai buga ƙarfen coci tun ina yaro. Mama Afiniki kuwa ita ce uwar Zumuntar Mata, in ta ɗaga murya a waƙa har bakin rafi ana ji. A gidansu aka yi wa rabin ma'auratan ƙauyen nan nasiha kafin aure, har da ni. In gidan nan ya watse, ban san wanda zai sake sauraron wani ba.

Abin da ya haɗa su bishiyar gwaiba ce. Mama ta dasa ta a shekarar da ta haifi Dauda. Kwanan baya ta tafi taron mata, ta dawo ta tarar Baba ya sare ta ya kafa ɗakin kaji a wurin. Tun ranar ba ta ce masa uffan ba. In ta gama abinci sai ta faɗa wa karen gidan, "Je ka ce wa mai gatari tuwo ya sauka." Shi kuma ya ce wa karen, "Ka ce mata na ƙoshi." Karen dai shi ya yi ƙiba.

Ranar Laraba da la'asar na sa rigar zuwa coci, na rataya jaka, na yi sallama. Na same su a tsakar gida, ita tana tsince wake a gabas, shi yana gyaran igiya a yamma, ga ƙullin kayanta a bakin ƙofa. Suka karɓe ni da mutunci, ta kawo mini kunu. Na jawo benci na ce su matso. Suka zauna, kowa a ƙarshensa, har ina tsoron in ɗaya ya tashi ɗayan zai faɗi.

Na buɗe da addu'a. Ban san ta yi tsawo ba sai da na buɗe ido na ga inuwar katanga ta iso ƙafata.

Na gyara murya na ce, "Baba, lokacin da kake sare gwaibar nan, yaya ka ji a ranka?"

Ya yi tunani ya ce, "Na ji gatarin ba shi da kaifi."

"A'a Baba, a zuciyarka nake nufi."

"A zuciyata ma na ce da na wasa shi."

Na juya wurinta. "Mama, ki maimaita abin da Baba ya faɗa, yadda kika ji shi."

Ta ce, "Ya ce shi mugu ne, kuma da ya samu dama zai ƙara."

Baba ya zabura. "Barnaba, ka faɗa mata saiwar bishiyar ce ta tsaga bangon ɗakinta. Damina na zuwa. In bar bango ya faɗo mata?"

Ita ma ta ce, "Ka faɗa masa da baki ake tambaya. Ni matarsa ce ko baƙuwa?"

Yanzu da nake ba ku labari, na san a nan ne ya kamata in rufe bakina. Maganar ta fito fili, shi tsoron bango yake, ita rashin tambaya ke cin ta. Amma ni a lokacin haushi na ji, don na ga sun tsallake mini tsari, ga shi na kwana ina shirya jawabi. Sai na ɗaga hannu na ce, "Ku dakata, ba mu zo nan ba tukuna."

Na miƙe tsaye na fara. Na ce su lura, rikicin mata da miji na farko a duniya ma a kan bishiya aka yi shi, a gonar Adnin.

Mama ta ce, "Adamu dai ci ya yi, bai sare ba."

Na yi kamar ban ji ba. Na kawo ayar da ta ce mata su yi biyayya, Baba ya gyaɗa kai har hularsa ta zame. Na kawo wadda ta ce maza su ƙaunaci matansu, Mama ta ce, "Sake karanta wannan, da ƙarfi, kunnensa na hagu ba ya ji." Daga nan na bi ma'auratan da ke cikin Maganar Allah ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na tuna da waɗanda na haɗa mijin wata da matar wani. Na shiga bayanin ma'anar aure. Na fito na shiga bayanin ma'anar bishiya. Na ba su misali da walda, yadda ake kankare tsatsa kafin a haɗa ƙarfe, har na tsinci kaina ina yi musu bayanin bambancin waldar lantarki da ta gas.

Kaji suka shiga sabon ɗakinsu. Karen ya tashi ya fita. Ni ko gajiya ban ji ba, daɗin muryata nake ji.

Sai na tuna wani abu da muka yi a kwas. Na ce, "Yanzu ku riƙe hannun juna, ku kalli idon juna, kowa ya faɗi abu mai kyau game da ɗan'uwansa."

Baba ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. "A gabanka? Kai da aka yi sunanka ina riƙe da ragon?"

Mama ta ja gyale ta rufe baki. Na ɗauka kuka take, na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina Ruhu Mai Tsarki ya fara aiki. Daga baya na gane dariya ce take dannewa.

Na ce, "Ba komai, abin sai a hankali. Yau share fage kawai muka yi. Zan riƙa zuwa kowace Laraba har sai an daidaita. Mama, in kin tafi Kaduna ma akwai mota, zan ɗauko Baba mu same ki can. Yanzu bari in ɗan taɓa kashi na biyu kafin duhu."

Na sunkuya ina laluben jaka. Da na ɗago, na ga suna kallon juna, ba tare da na sa su ba.

Baba ya yi tari ya ce, "Uwar Dauda, ba ki ji kamar akuya ta tsinke ba?"

Maganarsa ta farko ke nan gare ta tun saran gwaiba. Ta miƙe da sauri ta ce, "Na ji, Baban Dauda. Tashi mu duba, kada ta shiga gonar mutane."

Suka fita tare, har tana riƙe masa sanda. Na zauna ina jira. Can na waiga na ga akuyar a turke, tana tuƙa, tana kallona. Na shanye sauran kunun na tafi gida.

Ran kasuwa mota ta tashi ba Mama Afiniki. Ran Lahadi kuwa sai ga su sun shigo coci tare, ita da sabon ɗankwali, shi yana ɗauke da kujerarta. Aka ce har ya samo ɗan dashen gwaiba ya kafa mata a bayan gida, nesa da bango. Lokacin sanarwa Fasto Irimiya ya ce, "Kun ga amfanin horar da ƴan ikilisiya? Fasto ba zai iya zama ko'ina ba, amma ga ɗan'uwanmu Barnaba, zuwa ɗaya ya yi." Aka tafa. Na sunkuyar da kai irin na tawali'u, amma ina leƙen Dinatu in ga ko ta ji.

Da aka tashi, na tsaya a bakin ƙofa inda jama'a suka fi yawa. Na tare Baba Sila da Mama Afiniki, na ɗaga murya yadda dattawa za su ji.

"Baba, Mama, mun gode wa Allah. Ina so in kai rahoto gunduma don masu zuwa kwas a bayana su ƙaru. A cikin duk maganganun da na yi ranar nan, wacce ce ta fi ratsa zuciyarku?"

Baba Sila ya dubi matarsa ya ce, "Faɗa masa, ke kika fi iya magana."

Mama Afiniki ta gyara ɗankwali ta ce, "Inda ka ce za ka dawo, ɗana."