Ranar da Na Shigo Gari a Kan Makara

Ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar agana ba, ko da yake na daɗe ina fatan mutanen Birnin Gwari su manta da ita. Yanzu na tsufa, na ajiye aikin muhuti, wato mai taimaka wa alƙali, yara na durƙusawa in za su gaishe ni. Gara in faɗa da bakina abin da iyayensu ke faɗa musu in na ba da baya.

A lokacin ina saurayi, na sauke Alƙur'ani, na fara littattafai, kaina ya fi rawanina girma. Wani ayari na shirin tafiya Hajji a ƙafa, kuma ba ni da buri sai a tafi da ni. Na je wurin Madugu Tanko, jagoran ayarin. Ƙafafuna ya duba, bai dubi fuskata ba.

"Ɗan malam, wannan ƙafar buzu kaɗai ta sani. Ba na ɗaukar wanda zan binne a hanya. Nuna mini kana jure rana da ƙishi, sai mu yi magana."

Sai na ɗora wa kaina horo. Kullum da hantsi in cika jakar fata da yashi, in saɓa, in tuɓe takalmi, in nausa daji ta hanyar Kusasu, ba gora ba guzuri, sai la'asar in dawo. (Ta kasuwa nake bi da gangan, don a ga gumin.) Alhali agana na ɗibar mutane, har ta ɗauki ƙanwata. Wana kuma, Yaya Sule, na kwance a zaure, kurkunu ya fito masa a ƙafa, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke. Nakan zauna kusa da shi in nuna masa fasona, in ce yau na sha wuya.

"Kai har daji kake zuwa nemanta," in ji shi. "Ni ga ta nan a tabarma. Ɗauki tawa, ka ara mini ƙafafun in je masallaci."

Na yi dariya. Allah Ya yafe mini, dariya na yi.

Ranar da abin ya faru ban sha ruwa ba tun asuba, domin Madugu ya ce zai zauna a ƙofar gari ya ga dawowata. Na yi nisa fiye da kullum. A dawowa, daidai maƙabarta, idona ya rufe, na kife.

Masu jana'iza ne suka tsince ni, sun gama binne wani za su koma. Babu jaki, babu komai a hannunsu sai makara. Suka ɗora ni, wani mai tausayi ya lulluɓe ni da mayafi saboda rana. Ƙafafuna kaɗai ke waje, kuma duk garin ya san ƙafafun nan, ni na tallata su.

To, al'adarmu duk wanda ya ci karo da makara sai ya karɓi kafaɗa don neman lada. Kafin a iso unguwarmu, waɗanda suka san suma na yi an bar su baya, suna kira ba mai jin su saboda salati. Labari ya riga mu gida: an kawo gawar ɗan malam daga daji.

Kukan Inna ne ya farkar da ni. Na yaye mayafin, na tashi zaune a kan kafaɗun jama'a, ni da nake ji da fasahar magana, abin da ya fito bakina shi ne, "Ruwa."

Suka sake ni. Wani dattijo ya tsallake danga, har yau zuriyarsa na musun haka.

Ina ƙasa cikin ƙura na ga Yaya Sule. Da hannuwa ya jawo jikinsa daga zaure har titi, yana kiran sunana. Tsinken ya karye, tsutsar ta tsinke a cikin ƙafar, jini na bin sawunsa.

Madugu ya iso a hankali, ya tsaya a kaina.

"Ɗan malam, na ce ba na ɗaukar wanda zan binne a hanya. Kai har da makararka ka taho?"

Ayarin ya tafi ba ni.

Ƙafar Yaya Sule ta kumbura, ta ruɓe, da ta warke kuma ba ta sake miƙewa ba. Ni na riƙa goya shi zuwa masallaci kowace Juma'a har Allah Ya karɓi ransa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Iyaka dai, duk sa'ad da na durƙusa zai hau bayana, sai ya tambaye ni a kunne, "Malam, yau ka sha ruwa?"

Tun daga nan, in na farka na ga ƙafafuna sun ɗauke ni, nakan gode wa Allah a hankali, ban kai su kasuwa a gani. Makara kuwa na san zan sake hawanta, kuma lokacin bai yi nisa ba. Roƙona dai, wannan karon in kwanta da mutuncina har a kai ni.