Birki Mai Shiru a Gangaren Narayi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Rahila ba, domin a ranar na tabbatar da abin da na daɗe ina zargi: tarihi bai yi adalci ba. Kowane littafin makaranta yana jinjina wa mutumin da ya ƙirƙiro taya, har da zanensa sanye da warki yana mirgina dutse. Amma ba wanda ya damu da bawan Allahn da ya fara tunanin yadda za a tsayar da ita. A ganina shi ne uban wayewa. Gudu kam kowa ya iya, har akuya.

Ni malami ne, ina koyar da adabi a wata sakandare a Sabon Tasha. Rahila kuwa 'yar yayata ce, Yaya Asabe. Babanta ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a Kudenda, kuma da ya yi ritaya, lokacin da abokansa ke sayen fili ko buɗe gidan kaji, shi sai ya shigo gida da jar mota ƙirar Jamus mai ƙofa biyu. Ta hannu ce, amma irin waɗanda aka ƙera don gudu. Gajartarta ta kai sai an karkace ake haye kowane tudun rage gudu da ke Narayi. Yaya Asabe ta daɗe ba ta yi masa magana ba. Ni dai gaskiya ina bayansa. In ya tayar da ita, wani gurnani take yi can ƙasa-ƙasa, irin na babban mutum yana gyaran murya, har masu keke napep kan juyo su duba.

Sai aka yi wa Baban Rahila aikin ido, likita ya hana shi tuƙi, motar ta yi damina guda a lulluɓe. Da biki ya matso, Rahila ta ce ita fa a motar babanta za ta je coci, ba ta son ta haya. Aka zauna aka duba dangi kaf, aka zaɓe ni in tuƙa, saboda wai ba na sha kuma ba ni da garaje. (Na ji daɗin shaidar nan fiye da yadda ya kamata.)

Ranar da na ɗan zagaya da ita unguwa, na ji matsalar. Duk sanda na taka birki sai ta yi wani ƙiii mai shiga haƙori. Baban Rahila ya ce in kai ta wurin bakanike. Na ce ya bar mini. A raina na ce motar amarya ba za ta shiga harabar coci tana kuka kamar ƙyauren shago ba, kuma wannan aiki ne na nazari.

Na kuwa yi nazarin. Abin da ke matse faifan taya in an taka birki, wanda bakanike ke kira fad, ashe iri-iri ne. Akwai mai haɗe da ƙarfe, wanda ke damƙa da ƙarfi kuma yana jure zafi, sai dai yana da ƙara, yana cin faifai, yana kuma shafe taya da baƙar ƙura. Akwai mai laushi da araha wanda ba ya daɗewa. Sannan ga na siramik, dangin tangaran da aka gasa aka cakuɗa da zaren tagulla: ba ya ƙara, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba baƙa ba, yana kamawa a hankali ba fizga. Aibinsa ɗaya, masana sun ce ba shi ne gwanin filin tsere ba. To, mu ba tsere za mu ba. Na hango farar rigar amarya tana goga jikin taya lokacin fitowa, na ce magana ta ƙare. Sai da na yi wa malaman ofishinmu lacca a kai har lokacin hutun tara ya wuce, malamar lissafi ta tambaye ni ko za a yi jarrabawa.

Mai shagon kayan mota ya saurari bayanina da haƙuri, ya ce duk abin da na faɗa haka yake, har ma na fi shi sani. Da ya buɗe kwalin, sai na ji wani irin girmamawa. Abu ne ɗan mitsitsi, sumul, ba ado, amma shi zai tari nauyin mota da ran mutane. Ya ce akwai bakanike a gefe da zai ɗaura mini. Na gode masa, na ce ai na ga yadda ake yi.

Ranar Juma'a da la'asar na ɗaga gaban motar da jak a tsakar gida, na jingina waya da dutse, wani Bature a bidiyo yana yi ina bi. Mata na bayan gida suna suyar nama, kowacce ta wuce sai ta ce sannu da aiki, injiniya. Da yake sabon fad ya fi tsohon kauri, dole sai an tura ƙarfen da ke matso shi ya koma can ciki kafin ya samu wuri. Na tura, na sa, na ɗaure. Da Baturen ya mayar da tayarsa, ni ma na mayar da tawa, na kashe bidiyon ko da yake da sauransa. Kafin in wanke hannu, 'yan mata masu ado sun yanyame motar da kyalle da furanni, masu kawo kujeru kuma sun toshe ƙofar gida. Ba halin gwaji. Ban damu ba.

A cocinmu akwai al'ada: in gidan amarya na kusa, zumuntar mata ne ke zuwa su ɗauko ta daga ƙofar gida. Sukan sha ankonsu, su shiga gaban mota da ganguna da tulun kiɗa, suna waƙa suna taku ɗaya-ɗaya, motar na bin su a hankali. Gidan yayata yana kan tudu, cocin kuma yana ƙasan layin, gangare ne miƙaƙƙe. Shugabarsu Mama Saratu ce, tsohuwar nas, wadda gwiwa ta dame ta har sai an riƙe ta take hawa matakalar coci. Yaya Asabe tana tsakiyarsu, ga ta da hawan jini, kowa na lallaɓa ta tun farkon mako.

Da yake ƙofa biyu ce, Rahila a gaba ta zauna kusa da ni. Rigarta ta cika motar, ta rufe duk abin da ke tsakanin kujerunmu, sai da na lalubo giya. Na taka birki zan sa giyar, sai ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka nunanniyar gwanda. Wani direban da nan zai kashe mota. Ni kuwa murmushi na yi. Na ce a raina, lallai wannan shi ne laushin nan da masana suka rubuta.

Muka fito daga gida, hancin motar ya kalli gangare. Matan suka ɗan dakata don su juya rawa. Na danna ƙafata. Motar ta ci gaba da tafiya, kuma dole in yaba, ko ƙis ba ta yi ba.

"Kawu, ka ɗan rage," in ji Rahila, tana ɗaga wa mutane hannu ta taga.

Na ce ina ragewa. Ƙafata tana manne da ƙasa, na ƙanƙame sitiyari, kaina ya zama fanko. Duk karatun nan ba layi ɗaya da ya zo mini.

"Kawu, birkin yana ci kuwa?"

"Na siramik ne," na ce.

Har yau in na tuna amsar nan sai in rufe ido. Na danna hon da ƙarfi, na manta cewa a ranar biki hon murna ce. Jama'ar gefen hanya suka ɗauki tafi, motocin da ke bayanmu suka taya ni.

Mama Saratu ce ta waiwayo. Ta dubi hancin motar da ya kusa taɓa zanen matan baya, ta dubi fuskata, kuma na san ta gama karanta ni, irin karatun da nas ke yi wa majinyaci. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da tsofaffin nan sun ruɗe sun faɗi a gaban taya. Sai ta ɗaga hankicinta sama ta ƙara wa waƙar sauri. Masu ganga suka bi ta. Ta sake ƙarawa. Na ga mata masu jikoki suna gangarawa da rawa mai kama da gudu, ba wadda ta saki baiti, mai tulu tana rungume da tulunta tana bugawa. Sannan ta kaɗa hankicin dama da hagu, layin ya tsage biyu kamar an buɗe labule, wata ta jawo Yaya Asabe gefe tana cikin guɗa. Ban taɓa ganin shugabanci irin wannan ba, ko a littafi.

Gabanmu yanzu ba kowa sai ƙofar coci da babbar kwata a gefenta. Rahila ba ta daina murmushi ba, hannunta na dama yana waje yana gaisuwa. Na hagun kuwa ya nutse cikin tulin rigar yana lalube. Na ji ƙarar birkin hannu tana hawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba fizga. (Ashe a motar nan babanta ya koya mata tuƙi.) Motar ta yi laushi, ta ja ƙafa, ta tsaya daidai bakin ƙofar kamar an auna.

Ba tare da ta kalle ni ba, Rahila ta ce in ɗaga ƙafata in sake takawa. Na yi. Ta ce in sake. Ina yi ina jin abin yana tauri a ƙarƙashin takalmina, har ya tsaya ƙyam.

"Yanzu ya ci," ta ce. "Kada Mama ta ji sai an gama biki. Kuma ka yi dariya, Kawu, mai hoto yana kallonmu."

Ina cikin ƙoƙarin dariyar Mama Saratu ta iso tagata tana haki, gumi ya jiƙe ɗankwalinta. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malam, likita ya ce in riƙa motsa jiki, na gode. Amma da ka bari mun kai ƙarshen waƙar."

Na ɗauka kunyar ta ƙare a nan. Ina! Ana tsakiyar sujada fasto ya ce tun da ya zo cocin nan bai taɓa ganin amarya ta riga ango isowa ba sai yau, don haka direba ya miƙe jama'a su gan shi. Na miƙe. Aka yi mini tafi. Duk layin zumuntar mata suka juyo suna kallona suna fifita da hankici. A wurin liyafa kuma Baban Rahila ya rungume ni ya ce mutane sun ba shi labari, ko ƙara ɗaya birkin bai yi ba. Na ce haka ne.

Washegari bayan coci na buɗe sauran bidiyon. Baturen ya goge hannunsa, ya kalli kyamara, ya ɗaga yatsa ya ce kada kowa ya kuskura ya motsa mota sai ya yi ta taka birki yana saki har ya yi tauri, domin ƙarfen da aka tura ciki ya dawo ya kama. Ya faɗa, ya maimaita.

Yaya Asabe ta ji labarin daga baya, daga bakina. Sai ta tashi ta dafa abinci ta kai wa Mama Saratu da kanta. Ni kuwa yanzu in ɗalibi ya ce ya gane littafi, nakan tambaye shi abin da ya faru a shafin ƙarshe. Zaɓina dai ban janye shi ba: fad ɗin siramik yana nan a motar, shiru, tsaf, tayoyin suna ƙyalli, kuma duk wanda ya tambaye ni shi zan ce ya saya.

Birkin hannun da ya tsayar da mu a tayoyin baya yake aiki. Su ne ban taɓa ba.